Wutar Lungun Bayan Masallaci

SHAFI NA 19

Masu zagin Bala mai walda a ƙarƙashin shafin jiya, na ga saƙonninku duka, har da wadda ta ce a ɗaure shi a jefar da mabuɗin. Ku gyara zama.

*

Sau uku Hidaya tana maimaita aikin, sau ukun kuma amsa ɗaya kwamfutar ke ba ta. Ta rufe ta, ta sake buɗewa, kamar rufewar ce za ta sa ta sauya magana.

Kwana goma sha huɗu na'urarta ta yi maƙale a bangon wani gida a lungun bayan masallacinsu na Limancin Kona, tana auna wutar da ke shiga gidaje bakwai na lungun. Don karatunta na digiri na biyu ta kafa ta, da kuma don mutanen lungun sun gaji da ƙonewar firji da talabijin. Ba ta taɓa zaton abin da za ta kwaso ke nan ba.

Ranar Litinin da magariba gobara ta kama ɗakin Hajiya Batulu. Littattafan rubutun hannu da marigayi mijinta ya gada suka tafi ƙurmus, ita kuma tana kwance a asibiti da ƙuna a hannu. Kafin gari ya waye unguwa ta gama yanke hukunci: Bala ne, injin waldarsa ne ke wasa da wuta. Ranar Talata aka garƙame shagonsa, Mai Unguwa ya riƙe mabuɗin. Yau Asabar bayan la'asar za a zauna, kuma Ashiru, ɗan Hajiya Batulu, ya rantse daga zaman sai ofishin 'yan sanda.

Mutanenmu ke nan. In abu ya lalace, wanda ya fi kowa ƙara da tartsatsi shi ake fara kamawa.

Sallamar yayanta Abdulwahab ce ta katse mata tunani. Ya ɗaga labulen ɗakin marigayiya Innarsu, inda take karatu, ya leƙo.

“Kin ce in zo da gaggawa. Lafiya?”

“Shigo, Yaya. Ja ƙofar.”

Ya dube ta, ya ja ƙofar.

“Kin kama shi ko? Dama na faɗa wa Baba, takardar Hidaya ce za ta rufe bakin Bala.”

“Zauna ka gani.”

Ta juyo masa da kwamfutar. Layuka ne kore da ja suna hawa da sauka.

“Ni ma'aikacin ofis ne, Hidaya. Yi min Hausa.”

“Wutar da ke shigowa gida ba miƙaƙƙiya ba ce, hawa take tana sauka, sau hamsin a kowace daƙiƙa. Duk abin da ya taɓa ta sai ya bar sawunsa a jikinta. Aikina shi ne in tsefe ta kamar kitso, in ware sawun kowa daban.”

“To.”

“Ga na Bala.” Ta nuna wani wuri mai kama da haƙoran zarto. “In ya ɗora walda, wuta takan ɗan yi ƙasa, daƙiƙa biyu, uku, ta dawo. Fitila ta ƙyafta. Yana da ban haushi, amma ba ya ƙona komai.”

“Ban gane ba ya ƙona komai ba.”

“Ga mai ƙonawar.”

Ta matsar da hoton. A nan layin bai yi haƙora ba, tsalle ɗaya ya yi sama ya zauna.

“Wutar gida ɗari biyu da ashirin ce. Wannan ta kai kusan ɗari uku da tamanin, kuma sai ta yi minti ashirin a haka kafin ta sauko. Babu firjin da zai jure.”

“Wane ne?”

“Karanta lokutan da kanka.”

Ya sunkuya yana karantawa a hankali, leɓensa na motsi. Biyar da 'yan mintuna na asuba. Ɗaya da rabi. Huɗu saura. Shida da wani abu. Takwas saura kwata. Tana kallon fuskarsa, ta ga daidai inda ya gane, domin leɓen ya daina motsi.

“Ba kullum ba ne ai,” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

“Ba kullum ake da wuta ba. Duk lokacin da aka yi salla akwai wutar Nepa, sai ya faru. Ko sau ɗaya bai saɓa ba.”

Ya ɗauke ido daga kan kwamfutar.

“Yaya, ranar da ka haɗa solar masallaci, me ka yi da baƙar wayar nan mai kauri da ta bi ta jikin bango ta wuce lungu?”

Wata biyu ke nan da Abdulwahab ya sayi sola ya sa wa masallaci, sadaka ga Innarsu Rahmatu, don kada lasifika ta riƙa yankewa ana tsakiyar kiran salla. Ya ƙi kiran mai gyaran wuta. Cewa ya yi lada yake nema, da hannunsa zai yi wa uwarsa. Hidaya ta roƙe shi ta duba aikin, ya yi mata dariya, wai ina aka taɓa ganin mace a kan tsani cikin masallaci. Ita da ta shekara biyar tana karanta lantarki aka bari a bakin ƙofa tana miƙa filaya.

“Na tambaye ka, Yaya.”

“Na yanke ta.” Ya share goshi. “Na bi da ita ta cikin canjoba. Na ɗauka ta masallaci ce kaɗai.”

“Nutiral ɗin gidaje bakwai ce, wayar da wutarsu ke bi ta koma. Duk sanda aka ja hannun canjoba aka bar Nepa aka koma sola, an raba su da ita.”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Ya miƙe, ya je bakin taga, ya dawo. Can sai ya durƙusa gabanta, abin da bai taɓa yi ba tun da ta san shi.

“Ki saurare ni. Yanzu babu wuta. Zan je in mayar da wayar yadda take, ko minti talatin ba zai ɗauke ni ba. Babu abin da zai sake ƙonewa. Shi ke nan, an huta.”

“Bala fa?”

“Ki ce na'urarki ba ta nuna komai ba.”

“Yaya, ka ji abin da kake faɗa kuwa? An rufe shagon Bala, sai kuma ƙonewa ta tsaya cak. Me unguwa za ta ce?”

Ya sunkuyar da kai.

“Za a ce ga shi nan, dama shi ne. In ka gyara a ɓoye, da hannunka ka buga masa hatimi. Har jikokinsa sai an kira su jikokin wanda ya ƙona littattafan mijin Hajiya Batulu.”

“Zai samu wani shago a Kufena. Ni zan nema masa.”

“Daga ofishin 'yan sanda zai tafi Kufenan?”

Abdulwahab ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa, kuma tsoro ne a cikinsu tsagwaronsa.

“To bari in tambaye ki. Wa ke jan hannun canjobar?”

Tambayar da take gudu ke nan tun azahar.

Mahaifinsu, Malam Abdulhamid, shekara talatin da ɗaya yana limancin masallacin. Tun ranar da aka sa solar bai yarda ko ladan ya taɓa hannun nan ba. Kafin kowace salla zai shiga, ya ɗora hannunsa na dama a kai, ya ce Allah ya kai haske kabarin Rahmatu, sannan ya ja. Sau biyar a rana. Hidaya ta sha leƙensa ta taga tana share hawaye, don ba ta taɓa sanin haka yake son Innarsu ba sai bayan ta rasu.

“Ni ban damu da kaina ba,” in ji Abdulwahab, ita kuwa ta san ya damu. “Amma ki tsaya gaban dattawan unguwa ki ce wa Baba addu'ar da yake yi wa Inna ce ta ƙona ɗakin Hajiya Batulu? Da hawan jininsa? Ke za ki ɗauke shi in ya faɗi?”

“Kai ka faɗa masa. Yanzu, kafin la'asar. Ka ce kuskurenka ne.”

“Ba zan iya ba.”

“Yaya.”

“Na ce ba zan iya ba.” Ya miƙe ya kama ƙofa. “Ki zaɓa, Hidaya. Ubanki ko mai walda.”

Ya fita ya bar labule yana kaɗawa. Ta zauna tana kallon layin nan da ya yi tsalle ya zauna, tana jin haushin yayanta, tana jin haushin kanta da ta yarda aka bar ta a bakin ƙofa ranar nan.

*

Zauren Mai Unguwa ya cika har waje. Mata ba sa shiga irin wannan zama, amma tunda da izinin Mai Unguwa aka kafa na'urar, sai aka shimfiɗa wa Hidaya 'yar tabarma daga gefen ƙofar cikin gida. Ta zauna ta ja hijabinta, kwamfutar a kan cinyarta.

Mahaifinta na zaune dama da Mai Unguwa da carbi a hannu. Mabuɗin shagon Bala na ajiye a kan buzu a gabansu. Bala kansa yana tsugune a tsakiya, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, hannayensa masu tabon tartsatsi a kan gwiwa. Abdulwahab ya tsaya can bakin ƙofar waje, kusa da takalma.

Ashiru ne ke magana, kuma tun ɗazu yake yi.

“Ranka ya daɗe, ni ban zo jin wa'azi ba. Mahaifiyata ba ta iya ɗaga hannu ta yi alwala. Littattafan da kakan kakana ya rubuta sun zama toka. Na rantse ba zan bar zauren nan ba sai da wanda ya ƙona ɗakin nan, in kai shi inda ya dace.”

“Wallahi ranar Litinin tun biyar na kashe inji,” in ji Bala.

“Rufe mana baki.”

“Shekara goma sha tara ina walda a unguwar nan, ranka ya daɗe. Ƙofar wannan zauren ma ni na yi ta. Me ya sa sai bana…”

Hayaniya ta danne sauran maganar. Mai Unguwa ya ɗaga hannu.

“Allah gafarta Malam, ka ce 'yarka na da hujja.”

Malam Abdulhamid ya gyaɗa kai, ya dubi inda take. Da alfahari ya dube ta, kuma wannan kallon ya fi komai yi mata ciwo.

“Hidaya, faɗi abin da kika gani. Kada ki ƙara, kada ki rage. Allah na jin ki.”

Ta dubi bakin ƙofa. Abdulwahab ya girgiza mata kai a hankali.

Ta dubi Bala. Shi bai ma ɗago ba, ya riga ya sallama, don a ganinsa 'yar Liman ba za ta zo ta tsaya wa mai walda ba.

“Ranka ya daɗe,” ta ce, “ba injin Malam Bala ba ne.”

Zauren ya ɗauki guna-guni. Ashiru ya yi wata dariya marar daɗi.

“An saye ta.”

“Ashiru, 'yata ce,” in ji Malam, bai ko ɗaga murya ba. “Ci gaba.”

“Injinsa na sa fitila ta ƙyafta, wannan gaskiya ne, na ga sawunsa. Amma abin da ke ƙona kaya daban ne. Gidajen lungun nan bakwai waya ɗaya suke tarayya a kanta, wadda wuta ke bi ta koma. Akwai lokutan da ake yanke wayar nan. In an yanke ta, wutar ba ta da hanya sai ta cikin kayan maƙwabta. Wani gida ya samu kaɗan, wani ya samu kusan ninki biyu.”

“Shi ke yankewa,” wani ya ce daga baya.

“Tun Talata mabuɗinsa ke gaban Mai Unguwa. An yanke ta ranar Laraba sau biyu. An yanke ta shekaranjiya sau uku.”

Wannan karon babu wanda ya yi guna-guni. Bala ya ɗago kai a karon farko.

“To wane ne?” in ji Mai Unguwa.

Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Sai ta yi abin da kawai ta iya, ta sunkuyar da kai kan kwamfutar ta fara karanta lokuta.

“Zan karanta na yamma kaɗai. Lahadin farko, shida da minti goma sha takwas. Laraba, shida da sha shida. Litinin ɗin gobara, shida da sha uku.”

“Wannan lissafin me zai yi mana?” in ji Ashiru.

“Mai bin agogo ba ya haka,” ta ce. “Kullum abin yana matsowa baya kaɗan kaɗan. Ba agogo yake bi ba.”

Carbin Malam Abdulhamid ya tsaya.

Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana duban faɗuwar rana ba ya bukatar kwamfuta ta fassara masa waɗannan mintuna. Hidaya ta ga yatsunsa sun daskare a kan ƙwayar carbi ɗaya.

“Shekaranjiya Alhamis,” ya ce a hankali, “shida da sha biyu.”

“Haka ne, Baba.”

“Da asuba fa?”

“Akwai, in da wuta.”

“Azahar, la'asar, lisha.”

“Duka, Baba.”

Mutane suka fara duban juna. Wasu sun gane, wasu suna jira a gaya musu.

“Jiya Juma'a,” in ji Malam. “Da azahar akwai wuta, na bar fanka na juyawa a ɗakina.”

“Akwai.”

“An yanke?”

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

“Ba a yanke ba, Baba.”

Ba a buɗe masallacin unguwa da azahar ɗin Juma'a, kowa babban masallaci yake tafiya. Duk wanda ke zauren ya san haka.

Daidai nan ƙwan fitilar zauren ya kawo haske. An dawo da wuta. Yaran waje suka yi ihunsu na kullum, amma a cikin zaure babu wanda ya motsa, kowa ya ɗaga kai yana kallon ƙwan nan kamar yau aka fara ganinsa. Magariba saura minti ashirin.

Malam ya daɗe yana kallon tafin hannunsa na dama. Sannan ya juya wajen ladan.

“Yau da bakinka za ka kira salla. Kada kowa ya taɓa hannun canjobar nan. Ka sa wani ya tsaya a wurin.”

“To, Allah gafarta Malam.”

“Hidaya.”

“Na'am, Baba.”

“Tun yaushe kika sani?”

“Bayan azahar.”

“Kika zauna da shi ke kaɗai har yanzu?”

Ta sunkuyar da kai. Ba za ta yi masa ƙarya ba, ba kuma za ta iya kiran sunan yayanta a gaban unguwa ba. Malam ya dube ta, ya dubi bakin ƙofa, bai sake tambaya ba.

Ya dafa gwiwa ya miƙe. Mai Unguwa ya kai hannu zai taimake shi, ya ƙi. Ya sunkuya ya ɗauki mabuɗin daga kan buzu, ya taka har tsakiyar zaure inda Bala ke tsugune, ya durƙusa a gabansa da tsufansa da rawaninsa.

“Subhanallahi, Malam, tashi,” in ji Bala, yana ja da baya. “Don Allah ka tashi.”

“Ranar Talata ni na ce a rufe shagonka. Ban tambaye ka ba, ban bincika ba. Na ji mutane sun faɗa, na bi.” Ya kama hannun Bala ya sa masa mabuɗin, ya naɗe yatsunsa a kai. “Ka yafe mini, in za ka iya.”

Bala ya kifa fuska a kan hannun da ke riƙe da mabuɗin, kafaɗunsa na girgiza. Ƙato guda mai lanƙwasa ƙarfe, yana kuka gaban jama'a.

Ashiru ne kaɗai bai zauna ba. Fuskarsa ta rikice, amma fushin bai tafi ko'ina ba, wurin sauka kawai ya rasa.

“Ranka ya daɗe, ni fa na rantse,” ya ce. “Da Alƙur'ani na rantse a gaban gadon mahaifiyata. Motar da za ta kai shi ofishin 'yan sanda tana bakin titi tana jira. Wa ya haɗa wayar nan? A faɗa mini sunansa.”

Hidaya ta waiga bakin ƙofa da sauri. Wannan ce damarsa. Kalma biyu kawai, ni ne, ya ɗauke wa tsohon nan kayan.

Inda Abdulwahab ya tsaya babu kowa. Ta duba cikin takalman da ke zube, nasa ba sa nan.

Malam ma ya duba. Ta ga ya duba, ta ga ya gani.

Ya miƙe a hankali, ya gyara babbar rigarsa, ya miƙa wa ladan carbinsa.

“Ka ja wa mutane magariba.”

“Baba,” in ji Hidaya, ta manta da inda take, ta miƙe tsaye. “Baba, ba kai ka…”

“Zauna, Hidaya. Kin yi naki.”

Ya juya ga Ashiru, ya miƙa masa hannunsa na dama.

“Wanda ya ƙona ɗakin mahaifiyarka ka rantse za ka tafi da shi. Ranar Litinin, shida da minti goma sha uku, wannan hannun ne ya ja. Mu je.”